Shamuwa a Kan Rumbun Arzika

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar taubashina Arzika, manomi a wani ƙauye da ke kusa da Tabla, cikin ƙasar Kurfai. Mahaifiyarsa, Gwaggo Mamu, ƙanwar mahaifina ce. A al'adarmu ke nan ni ɗiyar namiji ce shi ɗan mace, ni uwargijiya shi bawa, hukuncin da har ya koma ga Allah bai yarda da shi ba. Sunana Hajo, amma a bakinsa Madam Almakashi nake, saboda aikin ungozoma da na yi a likitar Filinge, wato asibitin garin, har ƙarfina ya ƙare. Tsawon zamanmu sau ɗaya tak ya kira ni da sunana na yanka, kuma labarin wannan ranar nake so in ba masu karatu. Na daɗe ina riƙe da shi, yanzu kuwa an ba ni izinin faɗa.

Makon jiya ɗansa Shibkau ya kira ni ta waya ina zaune a Yamai. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Inna, baƙi sun sauka." Ban tambaye shi waɗanne baƙi ba. A gidan Arzika in aka ce baƙi a ƙarshen bazara, shamuwa ake nufi. Bana sun yi jinkiri har hankalin yaron ya tashi, ya yi ta kirana yana cewa ko sun yi fushi ne. Da na ji sun iso sai na kama dariya ni kaɗai a tsakar gida, jikokina suna kallona kamar wadda ta zautu.

Ga yaran da aka haifa tsakanin kwalta da fitilar lantarki, shamuwa tsuntsuwa ce baƙa mai dogayen ƙafafu, daga ƙirji zuwa mara fara sol. Ba a ganinta da rani. Sai zafi ya kai inda mutum ke jin haushin rigarsa, sannan a wayi gari a gan ta tsaye a kan itace tana gyara fiffike, kowa ya san ruwa ya kusa. A ƙasarmu ba a kashe ta, ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta. Gwaggo Mamu, wadda 'yar bori ce ta gaske, takan ce wanda ya fasa ƙwan shamuwa hadari zai riƙa tsallake gonarsa. Malaman Filinge suna kiran wannan camfi, amma ban taɓa ganin malamin da ya bar ɗansa ya ɗaga mata dutse ba.

Arzika ya wuce nan. Akwai wani babban gawo a bayan gidansu inda shamuwoyi ke sheƙa tun zamanin kakanmu, kuma ranar da suka sauka sai ya fito da kaskon ruwa ya ajiye a gindinsa, ya cire hula, ya ce, "Sannu da tahiya, Hajiya. Kun iske mu lahiya." Hajiya yake kiranta domin ya haƙiƙance cewa Makka take tafiya duk rani. Na yi masa bayani, na kawo masa mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya yi masa bayani, ya ce mu biyun wa ya taɓa bin ta a baya? Sai bayan rasuwarsa na gani a talabijin cewa kudu take yi, can nesa, ta ƙetare dazuzzuka zuwa ƙasashen da damina ke sauka lokacin da tamu ta ɗauke. Na ji daɗin na fi shi gaskiya, na kuma ji haushi da ba ya nan balle in yi masa gori.

Amma abin da ido ke gani a kan gawon nan, wannan kam ya san shi, don ya fi son kallon tsuntsu da hirar dandali. Shi ya nuna mini cewa mijin da matar karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci, ɗaya ya tafi kiwo ɗaya ya zauna. Ya nuna mini yadda uwa ke tsayawa ta buɗe fukafukai ta yi wa 'ya'yanta inuwa in rana ta take, da yadda suke bin bayan mai noma suna tsince fara da tsutsa kamar an ɗauke su aiki. Har ya ce mini in zafi ya dame ta, a kan ƙafafunta take sakin kashinta don ta ji sanyi, wai in gwada a likita ko zai yi wa masu zazzaɓi amfani. Na ce masa bawa dai bawa ne, ko maganinsa na bayi ne.

Abin da zan ba da labari ya faru ne zamanin mulkin soja, shekarar da ta biyo bayan babban fari. Waɗanda suka ga wannan lokaci ba sa bukatar tuni. Hatsi bai yi ba, ciyawa ba ta fito ba, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. A zamanin nan mutum yakan ji tsoron ma'aikacin gandun daji fiye da maciji, domin in aka kama ka da gatari a gindin gawo ka shiga uku. To amma yunwa ba ta san kaki ba. Mutane suka hau itatuwa suka sassare rassa don dabbobi su samu abin lasa, gawon gidan Gwaggo ma aka bar shi tsaye kamar turken doki. Maza suka watse neman abinci. Arzika ya tafi Yamai sayar da ruwa, ya bar uwarsa tsohuwa da matarsa Dije da ƙaramin ciki.

Kafin ya tafi ya hau rumbunsa na laka, ya daɗe a ciki, ya fito ya mayar da jinka ya ɗaure. Ya tara iyalinsa ya ce musu wannan rumbun damina ne, a ciki akwai iri, akwai kuma hatsin da zai riƙe gida daga shuka har kaka, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa, a yi maneji da abin da zai riƙa aikowa. Irin wannan rumbu ba shi da ƙofa. Ta sama ake shiga, sai an ɗaga jinkar da ke kansa kamar hula. Kuma a wajenmu mace ba ta shiga rumbun maigida, ba ta ma leƙa shi. Da ina yarinya na ɗauka rainin mata ne kawai.

Da bazara ta yi nisa shamuwoyi suka dawo kamar kullum, suka tarar babu reshen da za su ɗora tsinke. Suka yi ta kewaya ƙauyen. Da yawa suka wuce gaba, amma wasu biyu, miji da mata, suka sauka a kan jinkar rumbun Arzika suka fara jibga ƙirare. Gwaggo ta yi guɗa, ta ce arziki ya zaɓi gidanta. Ko da Arzika ya dawo daga Yamai, Hajiya ta riga ta yi ƙwai ta hau kwanci. Ni kuwa ina ƙauyen a lokacin, na ɗauki hutu na zo in zauna da Dije saboda cikinta ya tsufa kuma ba ta da jini sosai.

Ba a jima ba aka yi ruwan shuka, ruwa mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa har ya haɗu da danshin ƙasa. Duk manomi ya san irin wannan ba ya jiran kowa. In ka bari rairayin nan namu ya sha iska ya bushe, sai ka jira wani ruwan, kuma bayan shekarar da muka gani babu mai tabbacin wani ruwan zai zo da wuri. Kowa ya fita da sungumi. Arzika kuwa irinsa na cikin rumbu, rumbu na ƙarƙashin jinka, jinka na ƙarƙashin shamuwa. Irin ma ba na kasuwa ba ne, hatsin gidansu ne da ubansa ya bar masa, mai saurin nuna, kuma a shekarar ko da kuɗinka ba ka samun iri a Filinge balle a ƙauye.

Maƙwabta suka taru ana ba da shawara. Wani ya ce a kwashe ƙwan a hankali a sa cikin ƙwarya, in an gama a mayar. Arzika ya ce in ta tashi a tsorace ba lalle ta dawo ba, kuma rana za ta dafa ƙwan kafin a gama. Wani ya ce a huda rumbun ta gefe. Nan take ya ƙi, har da ɗaga murya, wai shi ba ɓarawo ba ne da zai huda rumbun ubansa, kuma ruwa zai bi hudar ya narkar da ginin. Na yi mamakin zafin da ya ɗauka, don ba halinsa ba ne. Ni kuwa na ce masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya kori Hajiyarsa ta je ta yi sheƙa a Makka. Ko kallona bai yi ba.

Can sai ya ce a ɗaga jinkar da shamuwar a kai. Yadda ake ɗaukar jinkar ɗaki a gayya, haka za a yi, a zura dogayen itatuwa ta ƙarƙashi, a ɗaga ta daidai ba karkata, a matsa gefe kaɗan a riƙe, wani ya shiga ya fito da iri, a mayar. Ya ce tsuntsuwar ta saba da mutanen gidan, in ba a yi hayaniya ba ba za ta tashi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ga jinka har da mai gida a sama. Aka ƙirga mazan da suka rage a unguwar, aka ga in ba kowa ya sa hannu ba abin ba zai ɗagu ba, har da Baba Gado, dattijon unguwa, wanda rabonsa da ɗaukar abin da ya fi buta nauyi an daɗe. Saura mai shiga. Arzika ya juyo ya nuna ni.

Baba Gado ya ce, "Mace cikin rumbu? Tun da anka kahwa garinga ba a taɓa ji ba."

Arzika ya ce, "Baba, wagga ba mace ba ta, taubashiya ta. Taubashi ko tukunyar miya ya buɗe ba a yi mai hwaɗa. In kuwa wani abu ya biyo baya, bisa kanta za shi sauka, mu duka mu huta."

Aka yi dariya, aka dubi Gwaggo, don ita ce mai faɗa a ji kan abin da ya shafi al'ada. Ta ce tsakanin ƙwan baƙuwa da ƙafar mace, a bar mace ta shiga. Aka kori mata da yara can bakin danga don kada su firgita tsuntsuwar. Na ɗaure zanena tamau na nufi tsani. Ina sa ƙafa Arzika ya matso kamar zai gyara mini shi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajo, abin da kig gani ciki, ki bar shi ciki." Jin sunana a bakinsa ya sa na san ba wasa yake yi ba.

Har gobe in na tuna ɗagawar nan sai na yi dariya. Maza sun yi layi biyu, kowa ya cije leɓe, jinka ta tashi sannu sannu kamar amaryar da ba ta son fita. Hajiya ta miƙe tsaye a kan ƙwanta, ta leƙo ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ga ba wanda ta sani da mugunta, sai ta gyara ta koma ta kwanta. Ana cikin haka mijin ya dawo daga kiwo, lokacin karɓar kwanci ya yi, ya sauko a kan jinkar da ke bisa kawunan mutane kamar ba abin da ya canza. Suka tsaya suna gaisawa irin tasu, ana sunkuyar da kai ana kaɗa baki, mutane a ƙasa suna ta shan nauyi. Kafin matar ta tashi ta juya baya ta sauke wa Baba Gado farin kaya tun daga hula har gemu. Ba wanda ya isa ya yi dariya, don in kafaɗa ta girgiza ƙwai zai gangara. Tsohon ya tsaya ƙiƙam, ido rufe, yana ta salati a hankali.

Ni kuwa na zura ƙafa ina jiran in taka dammunan hatsi, ƙafa ta yi ta tafiya ba ta taɓa komai ba. Sai da na bi itatuwan da aka gitta a ciki na sauka har ƙasa. Rumbun nan wayam yake. 'Yan dammunan iri ne kawai a rataye a gefe, an naɗe su da kyau, sai tarin kara da ƙaiƙayi a ƙasa. Babu hatsin shuka zuwa kaka, babu ma na mako guda. A nan tsaye cikin duhu da warin tsohuwar laka na gane abin da ya sa ya ƙi a huda rumbun, na gane abin da ya sa bai tura namiji ba, na kuma gane dalilin da ya sa kakanninmu suka hana mace leƙawa. Ba duka raini ba ne. Wani lokaci maigida ba ya son wadda ke dafa abinci ta san yadda ƙarshen abincin ya matso. Hawaye suka zo mini, na share da gefen zane, don ba lokacinsu ba ne.

Na turo dammunan waje, na fito, aka mayar da jinka lafiya, ƙwai ko motsi bai yi ba. Sai a lokacin dariyar da aka danne ta fashe, har da masu faɗuwa ƙasa, Baba Gado yana zagin kowa da kowa. Dije ta taho tana jan ciki, Gwaggo na biye da ita, suka ce yaya cikin rumbu? Arzika yana tsaye yana murza kafaɗa, bai dube ni ba, amma kunnensa na wajena. Na ce, "Ku gode Allah. Hatsi har wuya, da ƙyar nis samu wurin tsayawa." Dije ta ce alhamdu lillahi. Arzika ya ce ai ya faɗa, kuma a duba zanen Madam Almakashi ko ta soke zangarniya a ciki, don 'yan birni ba su da amana.

A ranar aka sussuka iri aka fita shuka, har da ni da ban iya ba, ina jefa iri ina taka rami a karkace Arzika yana bina yana gyarawa yana mita. Cikin makon Dije ta haihu a hannuna, namiji, aka yi masa laƙabi da Shibkau saboda ya zo da shuka. Shi ne mai kirana a waya yau, da furfura a gemunsa.

Daminar nan an sha wuya, ba zan ɓoye ba. Jar dawar taimako da gwamnati ke rabawa, da tafasa, da hanza da ake jiƙawa a zubar da ɗacinta, su suka riƙe gidan. Arzika yakan gama gonarsa ya wuce ƙwadago gonar wani. Ni ma nakan aiko da ɗan abin da ya samu a motar kasuwa, in ce a kai wa bawana sadaka, shi kuma ya aiko a ce mini hatsin birni ba ya da gardi. Duk ranar da Dije ta ce a sake ɗaga jinka a ɗebo hatsi, sai ya nuna mata sama. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya sun fara tsayawa suna tangaɗi a bakin sheƙa, yanzu in aka ɗaga sai sun zubo. Gwaggo kuma ta kafe cewa ba mai taɓa jinkar nan sai baƙi sun tashi. Dije ta yi ta mita wai a gidan nan tsuntsu ya fi mai jego daraja. Amma suna barci da sanin akwai rumbu a bayan ɗaki, kuma mai jegon da hankalinta ke kwance nononta ba ya ƙafewa, wannan kam aikina ne na sani.

Lokacin da 'ya'yan shamuwa suka yi fiffike suka bi iyayensu, hatsin gidan ya riga ya nuna, yara na gasa tumu. An ce fara ta yi ɓarna a wasu gonaki a shekarar, ta Arzika kuwa da sauƙi, don kullum baƙinsa na ciki suna kiwo. Ya yi girbi, ya ɗaure, ya ɗaga jinka shi da abokinsa ɗaya, ya shiga da kansa ya jera sabon hatsi a kan babu. Ya rufa wa tsuntsuwa asiri, ita ma ta rufa masa. Ni da shi ba mu taɓa tada maganar ba, ko da wasa, mu da ba abin da ba mu mayar wasa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tun daga lokacin mulki ya sauya hannu ban san iyaka ba, soja su tafi farar hula su zo, farar hula su tafi soja su dawo. Nakan tambayi kaina abin da Arzika zai ce in ya leƙo yau. Na san zai tsaya a bakin hanyar Baleyara ya ga motocin itace suna wucewa Yamai a cike, ya tambaya ko mutanen birni itace suke ci. Zai je mahautar Filinge ya nemi ungulu ya rasa, tsuntsun da a da sai an kore shi da sanda, yanzu an ce masu neman asiri da masu sa guba a mushe sun kusa gamawa da shi. Barewa da jimina kuwa tun yana raye suka zama labari, tun zamanin da masu manyan motoci ke shiga daji da bindiga su kwashe a yini ɗaya abin da maharbin ƙauye ba ya samu a shekara. Ya taɓa tsintar shamuwa matacciya a bakin gona bayan an yi feshin maganin fara, ya ɗauko ta ya rufe kamar mutum, ya yini bai yi wa kowa ba'a ba. A rediyo nakan ji irin wannan kuka daga ƙasashen da ban san su ba, giwaye a can, kifaye a can, dazuzzuka na ƙonewa. Ko'ina labarin ɗaya ne da na gawon Gwaggo, baƙo ya dawo ya tarar an sare masa masauki.

To amma ba zai rasa abin murna ba, don shi mutum ne mai neman dalilin dariya. Raƙuman dawa da aka ce saura ƙiris su ƙare, ga su sun sake yawa a kudancin babban kwarin nan da ake kira dallol, har suna shiga gonaki suna cin waken mutane, baƙi na zuwa daga nesa ɗaukarsu hoto. Manoma sun koma barin tohon gawo a gona suna yi masa aski, tun da suka gane itacen nasu ne ba na mai kaki ba. Kuma da ya ga shamuwa ta yi sheƙa a kan dogon ƙarfen wayar salula, na rantse sai ya cire hula ya ce Hajiya ta shiga zamani, yanzu daga nan take kiran Makka.

Bayan wayar Shibkau na kasa zama. Hanya ba kamar da ba ce, babu tsaro, 'ya'yana suka hana, na ce su bar ni. Na isa na tarar gidan ya koma kwano, hatsi ma a ɗakin ajiya ake zuba shi cikin buhuna. Amma tsohon rumbun yana nan. Shekaru ke nan ba a sa masa ko zangarniya ɗaya ba, duk da haka kowace bazara Shibkau sai ya yaɓe shi ya yi masa sabuwar jinka, don ubansa ya bar wasiyya kada a bar rumbun nan kai buɗe. Samarin ƙauye na yi masa dariya, wai yana yi wa wofi hula. Ga kuwa shamuwa a kai, ko jika ce ko tattaɓa kunnen waccan, Allah masani.

Dije ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin na nan. Muna zaune a inuwar rumbun da hantsi na ga mu biyu muka rage cikin waɗanda suka ga ranar, na ce bari in sauke kayan nan kafin a sauke ni. Na faɗa mata duka, ina ta zaɓen kalmomi kamar mai sanar da mutuwa. Ta saurara har na gama. Sai ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa jikin rumbun, ya amsa da ƙarar abin da ba komai cikinsa.

Ta ce, "Madam, kin ji? Hakanga yay yi tun maigida na Yamai, ran da nij jingina da shi ina hutawa. Macen da ta tashi cikin hatsi ta kasa sanin kukan rumbu wohi?"

Na ce, to Gwaggo fa?

Ta ce, "Ita tac ce in kama bakina. Ran da tsuntsayen sunka sauka tac ce mani, ga mai ruhwa ma ɗana asiri Allah ya aiko. Mitar da nika yi, don shi ji daɗi ta, shi ɗauka mun yarda."

Wato duk daminar nan mutum huɗu muna gadin sirri ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, kuma bawan nawa ya tafi kabari yana jin shi gwanin dabara ne. Muka yi dariya har Dije ta kama tari, daga nan dariyar ta juye kuka, muka bar ta ta yi abin da za ta yi. Ita ce ta ce in rubuta, wai yanzu kam ba wanda zai ji kunya.

Arzika bai bar shanu ba, bai je Makkar da yake tura tsuntsuwa ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Abin da ya bari shi ne rumbun da ba komai a ciki, da ɗan da ke yi masa jinka, da jikokin da na ga sun fito da kaskon ruwa ba wanda ya aike su. A ƙauyen da rabin itatuwansa suka tafi, akwai wuri ɗaya da baƙuwa ta san in ta dawo za ta tarar an gyara mata. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ban taɓa faɗa masa yana da kirki ba, don taubashi ba ya faɗin haka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya tarar da masauki kamar yadda ya tanadar wa wasu.

Da zan tafi na tsaya a gindin rumbun, na ɗaga kai na ce, a madadinsa, "Sannu da tahiya, Hajiya. Kun iske mu lahiya." Ta leƙo ta dube ni da ido ɗaya, ta juya baya, ta sauke mini farin kaya a kan sabon mayafina. Dije ta tambayi abin da ya sa yara ke ihu, aka faɗa mata. Ta ce, "Kada ki wanke da wuri, Madam. Bawanki na ka gaishe ki."